RA'AYI: Hayaƙi, ƙura da huhun yaran Nasarawa: Bashin da sai bayan shekara talatin za a zo karɓa

Duk wanda ya tashi a gaban iyaye a Keffi ya ce su kare 'ya'yansu daga sankarar huhu, da wuya ya rasa mai yi masa kallon wanda ya rasa abin faɗa. Zazzaɓin cizon sauro da gudawa da ƙyanda da tamowa su ne ke kwantar da yara a gadon asibiti, su ne kuma ke cika maƙabarta da ƙananan kaburbura. Mai wannan kallo yana da tasa gaskiyar, domin sankarar huhu a jikin ƙaramin yaro abu ne da likita kan iya gama aikinsa har ya yi ritaya bai taɓa gani ba. Cuta ce ta manya, akasari waɗanda suka haura shekara hamsin.

Sai dai cutar ba ta sauka rana ɗaya. Tsakanin lokacin da aka fara yi wa huhu lahani da lokacin da ƙari ya bayyana a hoton ƙirji, akan ɗauki shekara ashirin, talatin, wani lokaci fiye da haka. Magidancin da yau yake tari da jini a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi, a shekarun 1980 yaro ne da ake aika ya sayo taba, ko ya zauna gefen mai sha. Haka nan wanda zai kwanta a wannan gado a shekarar 2055, yanzu haka yana goye a bayan uwarsa kusa da murhu, ko yana talla a cunkoson motocin Mararaba, ko yana tsugune a bakin ramin haƙar ma'adinai yana fasa dutse. Wannan tazara ce ta sa batun ya zama maraya. Babu gwamnan da za a tuhuma da shi a zangonsa, babu shugaban ƙaramar hukumar da zai faɗi zaɓe a kansa, kuma uban da ya busa wa ɗansa hayaƙi zai iya riga shi kwanta dama tun kafin sakamako ya fito.

Alƙaluman duniya ba su bar wurin musu ba. Cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta ƙiyasta cewa a 2022 kusan mutum miliyan 2.5 ne suka kamu da sankarar huhu, kusan miliyan 1.8 kuma suka mutu, abin da ya sa ta zama kan gaba a cikin dukkan nau'o'in sankara wajen kisa. Idan aka dubi rajistar asibitocinmu za a ga kamar abin bai shafe mu sosai ba, amma kada wannan ya ruɗe mu. Alamominta, wato tari mai naci da rama da ciwon ƙirji da kakin jini, su ne alamomin tarin fuka. Mutane da yawa kan shafe watanni suna shan maganin tarin fuka ko jiƙe-jiƙen gargajiya kafin wani ya yi tunanin ɗaukar hoto da yankar tsoka a auna, wasu kuwa har a kai su makwanci ba a san sunan abin da ya ci su ba.

Me ya sa ake ware yara a wannan magana? Saboda huhun ɗan Adam ba ya gama ginuwa sai wajejen shekara ashirin. Yaro ya fi babba saurin numfashi, don haka idan aka gwada da nauyin jikinsa ya fi babba shaƙar iska, mai kyau ko marar kyau. Gajere ne, hancinsa ya fi kusa da salansar mota da bakin murhu da ƙurar ƙasa. Uwa-uba, ba shi da ta cewa a kan inda za a ajiye shi.

Abokin gaba na farko sananne ne, kuma bai kamata yawan ambaton sauran ya sa a manta da matsayinsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗora wa shan taba alhakin kusan kashi 85 cikin 100 na sankarar huhu. Tun a 1950 wasu masana biyu na Ingila, Richard Doll da Austin Bradford Hill, suka wallafa binciken da ya nuna alaƙar sigari da wannan cuta, daga baya aka bi diddigin dubban likitocin Birtaniya har tsawon shekara hamsin, sakamako bai sauya ba. A cikin hayaƙin sigari akwai sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga ciki an tabbatar suna haddasa sankara. Abin da ya fi shafar maganarmu kuwa shi ne abin da binciken ya gano game da lokaci: tsawon shekarun da mutum ya ɗauka yana sha ya fi yawan karan da yake sha a rana tasiri. Ma'ana, wanda ya fara yana ɗan shekara 13 ya shiga haɗarin da ya fi na wanda ya fara yana ɗan 25 nesa ba kusa ba. A Amurka, inda aka fi bin lissafin nan, kusan tara cikin goma na manyan da ke shan sigari kullum sun fara ne kafin su wuce shekara 18. Kamfanonin taba sun fi kowa sanin haka, domin kasuwar da ke kashe masu sayenta dole kullum ta nemi sababbi.

Najeriya ba ta rasa doka ba. Ta amince da yarjejeniyar duniya ta taƙaita taba a 2005. A watan Mayun 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar Taƙaita Taba ta Ƙasa, a 2019 kuma aka amince da ƙa'idojin aiwatar da ita. Dokar ta haramta sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba taba, ta haramta sa shi ya sayar, ta haramta sha a harabar makaranta da asibiti da filin wasan yara da motocin haya. Ta kuma haramta sayar da sigari kara-kara, ta ce sai dai a kwali mai aƙalla kara 20.

To, mai karatu ya tsaya ya tambayi kansa: yaushe rabon da ya ga mai tireda ya ƙi ɓalle kwali ya ba da kara ɗaya? A tashar mota, a bakin kasuwa, a teburin mai shayi, a lungunan da ke kewaye da ɗakunan ɗalibai, kara ɗaya shi ne ciniki. Wannan sashe na dokar kuwa shi ne zuciyarta ta fuskar yara, saboda dalilai biyu. Na farko, yaron da ba zai iya haɗa kuɗin kwali ba yana iya haɗa kuɗin kara ɗaya daga canjin aike. Na biyu, hoton gargaɗin nan mai tayar da hankali da aka tilasta wa kamfanoni su manna, a jikin kwali yake, wanda ya sayi kara ɗaya ba zai taɓa ganinsa ba. Duk wahalar da aka sha a Abuja wajen tilasta manna hoton, mai tireda ya warware ta da farcensa.

Akwai kuma wata ɗabi'a tamu da muke ɗauka ba komai ba ce, wato aiken yaro sayen taba. Babba ya miƙa kuɗi ya ce, “Kai, zo ka karɓo mini a wajen mai tebur,” yaro kuwa tarbiyya ta hana shi ƙi. A wannan aike guda an koya masa inda ake sayarwa, da sunanta, da farashinta, an kuma nuna masa cewa abin manya ne da ba a jin kunyarsa. Wani ma har ashana zai ce ya ƙyasta masa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu kuwa da hannunmu muke tanƙwara shi wajen da ba ma so, sa'an nan bayan shekara biyar mu taru muna zagin yaran zamani.

Ko da yaron bai taɓa kai kara bakinsa ba, zama da mai sha ya isa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan ɗaya ne ke mutuwa duk shekara saboda hayaƙin tabar da wani ya sha. A rahotonsa na 2006, babban likitan gwamnatin Amurka ya nuna cewa wanda ba ya sha amma yake zaune ko yake aiki da mai sha, haɗarin kamuwarsa da sankarar huhu kan ƙaru da kashi 20 zuwa 30 cikin 100. Kafin a kai ga sankara ma, yaran irin waɗannan gidaje sun fi yawan asma da ciwon kunne da ciwon sanyin haƙarƙari. Buɗe taga ko kunna fanka ba ya magani. Mahaifin da ya kasa dainawa, mafi ƙarancin haƙƙin iyalinsa a kansa shi ne kada ya sha a cikin ɗaki, ko a zaure, ko a mota. Idan kuwa ya iya dainawa, riba tasa ce: bincike ya nuna wanda ya bar taba kafin ya cika shekara 40 ya kauce wa kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarin haɗarin mutuwar da take jawowa.

Keffi garin jami'a ne, kuma inda matasa suka taru, nan sabon yayi ke sauka. Shisha ta shigo da ƙamshin tuffa da na'ana'a, da ƙaryar cewa ruwan da ke cikin tulun yana tace guba. Ba ya tacewa. Taba ce aka jiƙa da zaƙi, aka ɗora mata garwashin gawayi wanda shi ma yake ƙara nasa dafin, kuma a zama ɗaya na sa'a guda mutum kan zuƙi hayaƙin da ya ninka na karan sigari ɗaya sau da yawa. Abin takaici, yarinyar da har abada ba za ta yarda a gan ta da sigari ba, tana iya ɗaukar hoton kanta da bututun shisha ta ɗora a TikTok.

Wannan duk matsala ce da Nasarawa ta yi tarayya da Kano da Legas a cikinta. Akwai wata kuma da ta fi zama tata. Tun da aka ƙirƙiro jihar a ranar 1 ga Oktoba, 1996, take alfahari da laƙabin gidan ma'adinai, a 'yan shekarun nan kuwa litiyam, ma'adinin da ake yin batirin waya da na motar lantarki da shi, ya mayar da laƙabin gaskiya. A watan Mayun 2024 aka ƙaddamar da katafariyar masana'antar sarrafa litiyam a Ƙaramar Hukumar Nasarawa, aka yi jawabai a kan ayyukan yi da kuɗin shiga. Ba laifi ba ne jiha ta ci arzikin ƙasarta. Amma a watan Disambar wannan shekara dai, kamfanin dillancin labarai na AP ya fitar da rahoto daga ƙauyen Pasali na jihar, inda ya nuna ƙananan yara, waɗanda ya kamata a ce suna aji, suna fasa duwatsu suna tsintar ma'adini a haramtattun ramuka, a kan ladan da bai kai dala ɗaya a yini ba.

Masu sharhi sun yi magana a kan karatun yaran da kuma haɗarin ruftawar rami, kuma sun kyauta. Abin da ba a cika ambata ba shi ne abin da ke shiga ƙirjinsu. Dutsen da litiyam ke ciki cike yake da ƙanƙarar dutse, idan aka fasa ko aka niƙa shi a bushe sai ya saki wata ƙura mai laushi da ake kira silika, wadda ƙanƙantarta ta sa take wuce hanci da maƙogwaro ta sauka can cikin huhu. Jiki ba ya iya narkar da ita. Sai huhu ya yi ta yin tabo a kewayenta har ya ƙandare, numfashi ya riƙa gagara, kuma babu maganin da ke mayar da shi yadda yake. Mai wannan lalura ya fi mai lafiyayyen huhu saurin kamuwa da tarin fuka. Tun 1997 cibiyar nan ta Liyon ta sa ƙurar silika a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara ga ɗan Adam, rukuni ɗaya da sigari. Haka abin yake a wuraren fasa tsakuwar da ke ciyar da gine-ginen Abuja, inda ake ganin mata da 'ya'yansu sun yi fari fat da ƙura. Ɗankwali ko tsumman da ake ɗaurewa a hanci yana tare ƙurar da ido ke gani ne kawai, mai kisan kuwa ido ba ya ganinta.

Arewa ta riga ta ga irin wannan, ba sai an ba ta labari ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Zamfara, saboda ana kawo duwatsun zinariya cikin gida ana daka su a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Waccan guba daban take da silika, kuma saurin kisanta ne ya sa duniya ta ji. Hanyar dai ɗaya ce: ma'adini ya shigo, ƙura ta tashi, yara suka shaƙa. Bambancin shi ne silika tana da haƙuri. Ba za a wayi gari a ga gawawwakin yara a jere ba, ballantana ƙungiyoyin agaji su kafa tanti. Za su girma, su yi aure, su haifi nasu, sa'an nan ɗaya bayan ɗaya su fara haki a kan 'yar tafiyar da ba ta kai ta kawo ba, a ce ajali ne.

Maganin wannan ba asiri ba ne. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta hana sa wanda bai kai shekara 16 ba aiki a ƙarƙashin ƙasa, kuma ƙasar ta amince da yarjejeniyar duniya ta hana mafi munin nau'o'in aikatau na yara tun 2002. Ga manyan da dole su yi aikin, feshin ruwa a lokacin haƙa da niƙa yana kwantar da mafi yawan ƙurar, an kuma gwada shi da masu haƙar zinariya na gargajiya a Jihar Neja ya yi aiki. A ganina, gwamnatin Abdullahi Sule tana da makamin da ya fi kame da kora ƙarfi, wato ƙofar masana'anta. Duk dutsen da yaro ya tsinta, a hannun dillali yake ƙarewa, dillali kuma ga mai sarrafawa ko mai fitarwa waje yake kaiwa. A wajabta wa mai saye ya san ramin da kayansa suka fito, a rufe ma'ajiyar duk wanda aka kama da kayan ramin da yara ke aiki. Na san za a ce lasisin ma'adinai a hannun Gwamnatin Tarayya yake. Haka ne, amma filaye da makarantu da lafiyar jama'a da sarakunan gargajiya duk a hannun jiha suke, kuma gwamnan da ya iya jawo masu zuba jari daga Sin ba zai kasa gindaya musu sharaɗi a kan yaran jiharsa ba.

Sai batun murhu, wanda a nan dole a yi adalci ga mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta kashe mutum miliyan 3.2 a 2020, fiye da 237,000 daga ciki yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, akasarinsu ta hanyar ciwon sanyin haƙarƙari. Ta fuskar sankara, hayaƙin itace yana rukunin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo ta, mataki ɗaya ƙasa da sigari da silika. Amma tun bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 da faɗuwar darajar Naira, gas da kananzir suka fi ƙarfin gidaje da dama, aka koma itace da gawayi. Cewa matar da ke neman abin da za ta ɗora a tukunya ta sayi tukunyar gas, izgili ne. Abin da ke hannunta shi ne ta yi girki a sarari ko a madafa mai tagogi, ta yi amfani da busasshen itace, ta daina hura wuta da leda ko tsohon silifa, ta kuma sauke goyo ta miƙa wa wani kafin ta durƙusa gaban murhu. Saura kuwa aikin hukuma ne, tunda Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar girki mai tsafta a 2024, kuma murhu mai rage hayaƙi ba fasahar zuwa duniyar wata ba ce.

Sauran hanyoyin kowa ya san su. Hayaƙin injin dizal ya shiga rukunin farko na masu jawo sankara a 2012, gurɓatacciyar iskar waje ta bi shi a 2013, ga kuma yaranmu masu tallar ruwan leda da gyaɗa suna yini tsakanin tireloli daga Masaka zuwa Mararaba. Ga janareta a bakin tagar ɗakin kwana. Ga tayar da ake ƙonawa don jin ɗumi da hunturu ko don babbaka. Ga igiyar leƙo da ke ci har asuba a rufaffen ɗaki, alhali gidan sauro ya fi ta aiki kuma ba ya hayaƙi. Ga tsohon silin na asbesto a wasu azuzuwa, wanda ba ya cutarwa matuƙar yana zaune lafiya, amma da zarar ya farfashe ko an sa yara share ɓaraguzansa sai ya zama masifa.

Wanda ke ganin duk wannan ya yi yawa, ya lissafa kuɗin ɗaya hanyar. Mutumin Keffi ya fi yawancin 'yan Arewa sa'a, domin tafiyar kimanin kilomita 50 ce tsakaninsa da Asibitin Ƙasa na Abuja, ɗaya daga cikin tsirarun wuraren da ke da na'urar gasa sankara a ƙasar nan. Duk da haka hoto da gwajin tsoka da allurai da gashi kan cinye gona da gida da dabbobi, kuma da yake akasari a makare ake gano cutar, sau da yawa kuɗin kan tafi, mai jinyar ma ya tafi. Hana mai tireda ɓalle kwali kuwa ba ya bukatar na'ura daga Jamus. Yana bukatar jami'an duba-gari na ƙaramar hukuma su zaga, shugabannin kasuwa da na tasha su ja kunnen mutanensu, a ci tarar mutum biyu ko uku a bainar jama'a don saura su shiga taitayinsu. Masarautar Keffi, daga fadar Mai Martaba Dakta Shehu Chindo Yamusa III har zuwa masu unguwanni, tana da muryar da ke isa zauren da jami'in gwamnati ba ya shiga, haka ma limamai a huɗubar Juma'a da fastoci a ranar Lahadi. Irin wannan murya ce ta taimaka aka karɓi rigakafin shan inna a wuraren da aka taɓa ƙin sa, har aka ayyana Najeriya ta rabu da ƙwayar cutar ta asali a 2020.

Majalisar Dokokin Jiha da ke Lafiya ita ma tana da nata rabon aikin. Ta ware wani kaso daga kuɗin da jiha ke samu ta hanyar ma'adinai don gwajin ƙirji a garuruwan da ake haƙa, ta kuma wajabta wa asibitocin jihar cewa duk wanda ya zo da tarin da ya wuce mako biyu a tambaye shi ko ya taɓa aikin dutse, tun yana ɗan shekara nawa, a rubuta a katinsa. Wanda aka auna ba a sami tarin fuka ba, ko ya sha magani bai ji sauƙi ba, a tura shi ɗaukar hoton ƙirji maimakon a sake rubuta masa ƙwayoyin da ya riga ya sha.